Gwaggo da Kunyar Ɗan Fari

Daga Allah muke, wurinshi kuma za mu koma, mai lafiya da mai jinya. Gwaggo ta riga mu. Ƙanwar ubana ce. Ita ta yi mini wankan jegona na fari, ni kuma na riƙe mata kai ranar da ta cika.

Tun kafin a fito da makara gidan ya cika. Matan garka sunka zo da laka ga ƙafafunsu, ko wanke ta ba su tsaya yi ba. Masu sayen gabu na kasuwar Badagishiri sunka zo, don sana'arta ke nan tun tana amarya: ta daka ganyen albasa, ta dunƙula, ta shanya, ta kai kasuwa. Wata tsohuwa ta taso tun daga Tajaye bisa amalanken jaki, ta zauna bakin ƙofa tana faɗin ita dai miyarta ta mutu, ba ta san gabun wa za ta sa ba kuma.

Jikoki sunka yi abin da jikoki ke yi in tsoho ya tafi. Wata cikinsu ta ɗaura kallabin Gwaggo, ta ɗauki sandarta, ta duƙa, ta shigo tsakar gida tana jan ƙafa tana cewa da muryarta, "Ku matso, ku matso in gaya muku yadda anka leƙa cikina." Mata sunka yi dariya har hawaye, daga nan dariyar ta koma kuka.

Amma bayan rumbu na ji wasu biyu suna magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya ta ce, "Allah shi jiƙanta, amma tsufa ya taɓa ta daga ƙarshe. Macen da anka sani da kunya." Ɗayar ta ce, "Ai kin gani. Ga shi ɗan farin nata ko jana'iza bai zo ba."

Na ji, ban tanka ba, don gawa na kwance. Yanzu an yi sadakar arba'in, baƙi sun watse, zan tanka. Ni ban shiga lakwal ba, ban yi karatun boko ba, faɗi nike ana rubutawa, kuma abin da idona ya gani shi kaɗai zan faɗi. Gaskiya ne ɗan farinta bai ɗauki makararta ba. Shina kwance gidan likita a Yamai, an yi mishi aiki a ciki. Ita ta tura shi. Abin da ta biya kafin shi yarda shi tafi, shi ne waɗancan matan sunka kira taɓin tsufa.

To, ku ji.

Yaran yanzu suna ɗaukar ɗansu na fari bisa cinya gaban kowa, su kira sunanshi, su sumbace shi. Ba haka munka iske ba. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta kallon idonshi, ba ta ci gabanshi. Kowa na yin haka, amma Gwaggo ta fi kowa. Ranar da anka yaye shi Kaka ta zo ta ɗauke shi ta kawo gidanmu, can ya tashi tare da mu. Da ya ji muna ce mata Gwaggo, shi ma sai ya ce Gwaggo, kuma haka ya kira ta har ya yi furfura. Ita ko ba ta da abin da take kiranshi sai "wancan". Da ya girma ya kama tuƙin babbar mota, shina kai albasa ƙasashen bakin teku, sai ya samu suna na biyu, "mai motar nan". Akwai wani maƙwabcinmu mai suna irin nashi. Shi ma bai tsira ba, "mai sunan wancan" take ce mishi.

In ya zo gaisuwa, bakin ƙofar ɗakinta shike durƙusawa, shi dubi ƙasa, shi yi magana da duk wanda ke kusa. "A gaishe da Gwaggo." Ita kuma daga ciki ta ce, "A ce mishi lafiya lau." Ga su nan, tabarma ɗaya ba ta raba su ba, amma sai an samu mai kai saƙo.

Kar ku ce ba ta son shi. Duk tafiyar da zai yi sai ta daka yaji da gabu ta ƙulle, ta ba matarshi ta ce, "Ki sa cikin motar nan," kamar motar ce za ta ci. Wata shekara labari ya zo motarshi ta faɗi hanyar Doso, ba a san ko shina da rai ba. Gida ya rikice. Gwaggo ba ta tambayi kowa komi ba. Tsintsiya ta ɗauka ta shiga sharar tsakar gida, ta share, ta sake sharewa, ta sake, har ƙasa ta fara tonuwa. Da anka ce ya tsira da karaya ga hannu, ta jingine tsintsiyar ta ce, "Yau iska ta kawo shara da yawa."

Haka take cikin komi nata. Alherinta ma ba ta yarda shi fito da fuskarshi. In rani ya yi, maza sunka tafi ci-rani, akwai gidajen da ake kwana biyu hayaƙi bai tashi ba. Gwaggo ba ta aika kwano, don ta san akwai macen da za ta gwammace yunwa da a ga an kawo mata. Sai ta leƙa ta bisa darni ta ce, "Ke, hannuna ya gaji, zo ki taya ni daka." Matar ta zo ta yi ɗan daka, ta koma gida da hatsi cikin ƙwarya, kanta a sama, ladan aikinta ta ɗauko. Cikin matan da sunka zo da laka ga ƙafa ranar rasuwa, da yawa sun taɓa taya Gwaggo dakan da ba ta buƙata.

Ana nan, ana nan, sai ta fara ramewa. Tuwo ya daina shiga. In ta zaga bayan gida sai ta daɗe. Da na matsa mata ta ce mini tana ganin jini. Na ce basir ne. Ita ma ta ce basir ne. Mi za mu ce? Garinmu duk jinin da ya fito ta ƙasa sunanshi basir, kuma ranar kasuwa ga masu magani nan da lasifika, kowa da jarkarshi. Ta sha na saiwa, ta sha na ɓawo, ta sha wanda anka ce daga Sakkwato ya zo. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce.

Autarta da ke aure Yamai ita ta zo ta gan ta, ta fashe da kuka, ta ce ba ta komawa sai da ita. Ni anka ce in bi su in yi jinya.

Likitan da munka gani namiji ne, bai kai autarta shekaru ba ma a idona. Ya yi tambayoyi, ya latsa ciki, sannan ya ce sai an duba hanjin daga ciki. Wata roba ce doguwa siririya, da fitila da ido ga bakinta, ana sa ta ta dubura, abin da ta gani shina fitowa cikin tele, wato talabijin. Da auta ta gama maimaita mata, ni na sunkuyar da kai. Na ce a raina an gama, gobe muna cikin motar gida. Matar da ko gabana ba ta canza zane.

Sai Gwaggo ta ce, ba ta dubi likitan ba, bango ta duba, "Ana rufe mutum?"

Ya ce, "Ana rufewa, Inna. Kuma akwai mace tsaye kusa da ke har a gama."

Ta ce, "Da ido za ka gani, ko zato za ka yi?"

Ya ce, "Da ido."

Ta ce, "Duk waɗanda sunka ba ni magani, daga bakina sunka ji ciwon. Ba wanda ya gani. To a gani."

Wuni guda ba tuwo ba fura, sai ruwa da romo tsararo, ga wani magani da anka ba ta ta sha don ciki shi wanke tas. Daga baya ta ce wannan ya fi awon kanshi wuya. Da safe anka shiga da ita, anka yi mata allura ta yi barci-barci. Da ta farfaɗo ta dube ni ta ce, "Yaushe za su fara?" Na ce an gama. Ta ce, "Wannan ne?"

Abin da anka gani bai yi daɗi ba. Ciwon daji ne na hanji, ya girma, ya kai har hanta. Likitan bai ɓoye ba, don ita ta ce kar a ɓoye. Ya ce abin shina farawa ɗan tsiro kamar ƙwayar wake, shi yi shekaru bai sa mutum ciwo ba, kuma in an gan shi lokacin, da robar nan ake tsinke shi a wuce wurin. Ya ce ba kowane jini ne basir ba. Ya ce duk wanda ya manyanta ya kamata a duba shi ko bai jin komi, ɗiyan wanda anka samu da ciwon kuwa su ne kan gaba, don shina iya bin jini. Nata dai sai maganin rage zafi. Ta ce a mai da ita ɗakinta.

Munka shiga mota, munka yi tafiya har munka wuce Dogon Dutsi. Sannan ta ce, tana kallon waje, "Wancan shina shan maganin basir."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Matarshi na jiƙa wandonshi dabam da sauran wanki. Kuma tafin hannunshi ya yi fari. Na gani ranar Salla da ya miƙa wa Baffanku hannu."

Na ce, "Gwaggo, ashe kina kallonshi?"

Ta ce, "Rufe mini baki."

Da munka dawo, Gwaggon da munka sani da ɓoye komi ta buɗe baki. Gidan suna anka fara ji. Mata na zaune ana tsinkar zogale, wata ta ce, "Ya basir ɗin, Inna?" Ta ce, "Ba basir ba ne. Ku matso." Ta faɗa musu duka, robar da fitilar da inda anka sa ta. Wasu sunka rufe fuska da gyale, wasu sunka tashi wai za su duba tukunya. Wata amarya ta ce, "Ni wallahi gara in mutu." Gwaggo ta ce, "Haka nike cewa sa'ad da mutuwar ke nesa."

Kafin magariba magana ta kai kunnen Baffa, ƙanenta, wanda shi ne babban namijin da ya rage mana. Ya zo da sandarshi, ko zama bai yi ba.

"Yaya, mi nike ji? Kin zauna cikin mata kina faɗin inda anka sa miki roba? Muna da ɗiyan da za su yi aure garin nan. Kina so a ce gidanmu akwai ciwon gado?"

Ta ce, "Akwai shi. Ko an ce ko ba a ce ba."

"Abin da Allah ya rufe, ke za ki buɗe?"

Ta ce, "Kai da ke zuba albasa cikin rudun ajiya kowace shekara, ka taɓa zuba ta ba ka latsa wuyanta ba? Wadda ta fi sheƙi ita kake fara latsawa. Domi ba ka ce Allah ya rufe ta da ɓawo ba?"

Ya ce, "Mutum ba albasa ba ne!"

Ta ce, "Gaskiyarka. Albasa in ta ruɓe ana shuka wata."

Ya fita shina buga sanda. Ya daɗe bai tako gidan ba. Daga baya ya fara aiko mata da dabino, ba saƙo ba komi, ita kuma ta karɓa ta ce dabinon bana ya bushe. Shirinsu ke nan. Ban ce garin ya tashi ya tafi awo ba. Hanya da nisa, abin kuma ba kyauta ba ne. Amma auta ta yi, ƙannen ɗan fari maza biyu sunka tafi sunka yi, anka ce lafiya lau. Saura shi. Shi da ya fi kowa buƙata, shi ne ba wanda zai iya tunkara da maganar. Ƙannenshi ba su iyawa. Matarshi ta gwada ya daka mata tsawa. Uwarshi ko gaisuwa sai da ɗan saƙo.

Sai Gwaggo ta ce, "Ke za ki."

Munka ga kamar dabara ce mai kyau. Ni ɗiyar namiji ce, shi ɗan mace, taubasai muke. Tsakaninmu ba kunya, ba fushi. Duk garin nan ni kaɗai ce macen da za ta iya ce mishi dubura ido cikin ido ba a ce ta yi rashin ɗa'a ba.

Na iske shi ranar kasuwa inda ake lodin albasa, shina zaune bisa benci da direbobi ana shan shayi. Tun daga nesa ya hango ni ya ce, "Jama'a ku ɓoye abinci, ga baiwata nan ta iso!"

Na ce, "Bawa ba shi da baiwa. Taso, magana gare ni."

Na ja shi gefe bayan buhuna, na faɗa mishi duka, ban rage ba. Na ce ciwon Gwaggo shina bin jini, na ce an san abin da shike gani in ya zaga, na ce shi tafi Yamai a duba. Na ga fuskarshi ta canza, na ce a raina ya shiga. Sai kawai ya juya ya ɗaga murya.

"Ku ji wata sabuwa! Taubashiyata ta ce in tafi Yamai a zura mini tiyo kamar tankin mota!"

Benci ya kwashe da dariya. Wani ya ce, "A duba mana ko akwai sauran mai!" Wani ya ce, "Hajiya, ke kinka fara gwadawa?"

Na ce, "Wallahi ba wasa nike ba."

Ya ce, "Haka kinka rantse ranar da kinka ce akuyata ta faɗa rijiya, na yi gudu har na bar takalmi."

Na ce, "Wannan muna yara."

Ya ce, "Bara fa, da kinka ce matata ta yi yaji?"

Na dawo gida ƙafata da nauyi. Nan munka gane kurenmu. Abin da ya ba ni izinin faɗi shi ne ya kashe maganar. Maganar taubashi ba a riƙe ta, ko zagi ne ko rantsuwa. Haka anka koya mana tun muna tsirara. Kuma shi ya sani sarai ba wasa nike ba. Ya dai samu ƙofa a buɗe ya fita.

Gwaggo ta aika wurin liman. Liman ya kira shi bayan sallar la'asar, ya ce neman magani ba shi rage tawakkali, kuma buɗe jiki gaban likita don lalura ba laifi ba ne. Ya durƙusa ya ce, "To, Malam. In na dawo in sha Allahu." Ya hau mota ya yi kudu. Da ya dawo, rigarshi ta yi mishi yawa. Matarshi ta zo ta same ni tana kuka, ta ce yanzu ko fura in ya sha sai ya riƙe ciki.

Lokacin Gwaggo ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Na faɗa mata abin da matar ta ce. Carbinta ta ci gaba da ja.

Kashegari da hantsi ɗan farin ya zo gaisuwa. Gida cike: matarshi, matan ƙannenshi suna daka, jikoki na wasa gindin rumbu. Ya durƙusa bakin ƙofa yadda ya saba, ya dube ni ya ce, "A gaishe da Gwaggo. Ya jikin?"

Na juya ina jiran ta ce in ce mishi da sauƙi. Sai ta ce, "Ɗaga ni."

Na ce, "Ina za ki?"

Ta ce, "Ɗaga ni, na ce."

Na ɗaga ta. Ba nauyi, kamar damin kara. Ta dafa kafaɗata munka fito har tsakar gida, cikin rana. Shi ya matsa gefe ya sunkuyar da kai don ta wuce, ya ɗauka bayan gida za ta.

Sai ta kira sunanshi.

Sunan da liman ya raɗa mishi, wanda anka yanka rago a kai. Ba zan faɗe shi nan ba. Taɓare sunka tsaya cikin turmi. Shi kuwa sai ya waiga wajen zaure, shina neman wanda ya yi sallama, don bai san yadda sunanshi ke fita daga wannan bakin ba.

Ta sake kira.

Ya ce, "Na'am." Da wata murya ƙarama, mutum mai jikoki.

Ta ce, "Dube ni."

Bai iya ba. Ta jira. Ya ɗago.

Ta ce, "Ni na haife ka. Ban taɓa faɗi ba, yau na faɗi, kowa shi ji. Jinin da kake gani in ka zaga, shi na gani. Na ce basir ne, na sha jarka bayan jarka, ga inda ta kawo ni. An sa mini robar nan ta dubura, ni uwarka. Ban mutu ba, salla ba ta ƙi karɓuwa ba. Nawa ya wuce gyara. Naka ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, mai lasifika ma bai sani ba."

Ya cire hularshi ya riƙe.

Ta ce, "Tun ranar yaye na ba da kai. Ban taɓa roƙonka ko ruwan sha ba. Yau ina roƙo. Ba ni so a rufe ni, ƙasar ba ta bushe ba a dawo a haƙa kusa da ni."

Ya ce, "Gwaggo, ki shiga ɗaki, rana ta yi zafi."

Ta ce, "Sai ka ce to."

Ya ce, "To."

Ta ce, "Ba irin wadda ka ba Malam ba."

Ya share ido da hular. Ya ce, "Jibi. In sauke kayan mutane."

Ta ce, "Gobe. Ƙanenka shi sauke."

Ya ce, "Gobe."

Na mai da ita ɗaki. Tana kwanciya ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Na kawo kunu ta ce, "Kar ki dube ni." Wunin nan ba ta ci komi ba, ba ta yarda surukanta sun shigo ba. Masu cewa tsufa ya cire mata kunya, da sun ga wannan. Kunyar na nan inda take. Da ita ta fito tsakar gida, da ita ta koma.

Kashegari ya tafi, shi da matarshi, sunka sauka gidan auta. Anka yi awon, anka ga tsiro. Anka ɗebi ɗan yanki anka ce a jira. Jiran ya yi tsawo. Kullum da safe Gwaggo ta ce, "Wayar nan taki tana da wuta?" Labarinshi take jira, amma ba ta tambaya. Daga baya auta ta kira ta ce ciwon ne, irin na Gwaggo, amma bai fita daga wurinshi ba, za a yanke wannan yanki na hanji a haɗe. Anka sa rana.

Gwaggo kuwa tana ta yin ƙasa. Ruwa ma sai da cokali. Baffa ya zo ya zauna bakin gadonta, ya dube ta, ya fito ya ce mini, "A kira shi. Ɗa ba shi rasa ganin uwarshi."

Ashe tana ji. Ta ce daga ciki, da ɗan abin da ya rage na murya, "Wanda ya kira shi ban yafe ba. In ya taso ba shi komawa. Na san shi."

Baffa ya tsaya da sandarshi. Na ɗauka faɗa zai tashi. Sai ya ce, "To, Yaya." Ya koma ya zauna.

Ranar aikin, bayan azahar, waya ta yi ƙara. Na saurari auta, na sa bakina kusa da kunnen Gwaggo na ce an fito da shi, ya farfaɗo.

Ta ce, "An cire?"

Na ce, "An cire."

"Duka?"

"Duka, in ji likita. Sai dai shi riƙa komawa ana dubawa."

Ta ce, "To. Juya ni gabas."

Kashegari da hantsi ta cika, kanta bisa hannuna, kalmar shahada ga bakinta. Allah shi yalwata mata inda take kwance, shi sa zafin da ta sha shi zama wankin zunubi, shi rufa mata asiri yadda ta rufa wa matan da sunka taya ta daka.

Baffa ne ya faɗa wa ɗan farin rasuwar, bayan ya fara zama da kanshi. Ya dawo kafin arba'in, a rame, shina tafiya a hankali da hannu bisa ciki, amma da ƙafarshi. Ya fara zuwa maƙabarta. Daga can ya zo gidan, ya durƙusa bakin ƙofar ɗakinta inda ya saba, ko da yake ba kowa ciki sai ni ina naɗe tabarmi.

Rannan ba wanda ya ce wa wani bawa.

Ya ce, "Ta ce wani abu?"

Na ce, "Ta tambaya ko an cire duka."

Ya daɗe shina kallon ƙasa. Sannan ya ce, "Bayan rannan, ta sake kiran sunan?"

Na so in ce ta sake. Amma na riga na yi mishi ƙarya da yawa a duniya. Na ce, "A'a."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Sau ɗaya ya ishe ni."

Ya dafa bango ya miƙe, ya ce in akwai kunu a ba shi, yunwa shike ji.